Zaman Doya da Manja Tsakanin Laburare da Sashenmu

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, ina neman afuwa tun da farko, domin abin da zan faɗa ba mai daɗin ji ba ne, kuma na san akwai waɗanda za su ce ɗan aji huɗu ya yi ƙaranci ya sa baki cikin sha'anin manya. To, ciwon a jikina yake, kuma an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganata ita ce, laburaren jami'ar nan da Sashenmu na Hausa zaman doya da manja suke yi. Harabarsu ɗaya, tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta minti goma ba, amma kowa harkar gabansa yake yi, kamar kishiyoyin da suka daina gaisawa. Wanda yake shan wuyar wannan gaba kuwa shi ne ɗalibin da aka ce ya rubuta kundi.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada a ce shaci-faɗi nake yi. A farkon shekarar karatun nan aka amince mini in yi nazarin jigon kishi da auren dole a littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Malamin da ke duba aikina ya rubuta mini sunayen littattafai a 'yar takarda, ya ce in je laburare in nemo. Na tafi da murnata. Duk wanda ya taɓa neman littafin Hausa a can ya san inda aka ajiye mu: can ƙuryar bene, wajen lambar nan PL 8231 zuwa PL 8234, wato gurbin da tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya keɓe wa harshen Hausa da adabinsa. Abin da na tarar bai cika kanta biyu ba. Ga Magana Jari Ce an yage masa tsakiya, ga Ruwan Bagaja, ga Ganɗoki, ga Shaihu Umar da bangonsa ya rabu da jikinsa, ga tsohon ƙamus na Bargery na 1934 ya yi ƙura kamar an tono shi daga kufai. Duka littattafai ne masu daraja, Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta su. Amma in baƙo ya zo ya tsaya gaban kantar nan, sai ya rantse Hausawa sun ajiye alƙalami tun zamanin Hukumar NORLA.

Na koma wajen ma'aikacin da ke bakin tebur, dattijo mai fara'a, na miƙa masa takardata. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Samari, ai waɗannan littattafan soyayya ne. Ba ma ajiye irinsu nan." Na ce, "Baba, malamina ne ya turo ni, a kansu zan rubuta kundi." Ya ce, "To ai malaminku bai taɓa gaya mana ana nazarinsu ba. Mu abin da aka rubuto mana shi muke saye." Washegari na koma ofishin Malam na ce, "Allah gafarta Malam, sun ce ba su da su." Ya yi dariya ya ce, "Ai dama na sani. Yaushe rabona da wurin nan!" Ya san babu, amma ya tura ni. Shi kuma wancan ya san ana zuwa nema, amma bai taɓa tako ƙafa ya tambayi Sashe abin da ake koyarwa ba. Kun ji zaman doya da manjan da nake faɗa.

Kun san inda na samu littattafan daga bisani? A adakar gwaggona. Na je gaishe ta lokacin hutu, hira ta kawo hira, ta ce, "Kai ɗan nan, wai waɗannan ne ake wahalar da kai a kansu?" Ta sa aka jawo adaka daga ƙarƙashin gado, sai ga Budurwar Zuciya na 1987, ga Wa Zai Auri Jahila?, ga Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, har da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, duk an naɗe su cikin tsohon zane tare da turaren wuta don kada gara ta ci. Gwaggo ba ta wuce firamare ba, amma ta yi wa adabin Hausa hidimar da laburare mai benaye bai yi ba.

Abin takaicin ma bai tsaya nan ba. Waɗannan littattafai da aka ce ba su cancanci hawa kantarmu ba, suna nan ɗaruruwa a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Farfesa Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun bi su ɗaya bayan ɗaya, sun tsara jerin sunayensu daga 1987 zuwa 2002, aka buga a Jamus a 2004. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Wato ɗalibin da ke Landan ya fi ni sauƙin nazarin littafin da aka rubuta a Kano, aka buga a Kano, aka sayar a Kano. In wannan ba abin kunya ba ne, to ban san abin da ake kira kunya ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce ai waɗannan adabin kasuwa ne, cike suke da kurakuran rubutu, wasu ma suna ɓata tarbiyya. To, a saurare ni. Tun shekarun 1990 malamai suke ta muhawara a kansu a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya soke su, shi ya yayata sunan nan na Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su. Ko da wa mutum ya goyi baya a cikin su biyun, ai bai isa ya sa baki ba sai ya karanta littattafan. Wanda zai soki abu ma yana bukatar ya same shi a hannu, in ba haka ba sukar ta zama ta ji-ta-ji-ta. Laburare ma'ajiya ce. Hukunci kan mai kyau da marar kyau aikin malami ne da ɗalibinsa a cikin aji. Likitan da ke koyar da cututtuka ba ya cewa a zubar da ƙwayoyin cutar da ke ɗakin gwaji don ba su da kyau. A 2007, da aka ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, marubuta sun yi ta kururuwa, duniya ta ji. Amma abin da sakaci ke cinyewa kowace damina, tsakanin gara da yoyo da masu ƙosai da ke naɗe kaya da shafukan littafi, ya ninka abin da wutar ranar ta ci, kuma ba wanda ya ce uffan. Yawancin littattafan nan marubutansu ne suka buga da kuɗinsu a kan takarda mai araha, bugu ɗaya ko biyu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya, amma da yawa daga cikinsu ba su ma san da dokar ba. In jami'o'in ƙasar Hausa ba su tara su ba, wa zai tara?

Haka zancen yake game da ajami, sai dai shi ciwonsa ya fi tsufa. Umaru Falke, wani malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubucen hannu da suka haura dubu uku, yawanci na Larabci, wasu na Hausa. Yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an jera su, an yi musu lamba. Jami'ar Boston ita ma ta ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami na Hausa da na wasu harsunan Afirka ta zuba a intanet. Ba na zagin waɗannan mutane. Da ba su adana ba, wataƙila da yanzu babu. A gida ma akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can Kadunan. Tambayata ita ce, ɗalibin da aka ba nazarin waƙoƙin ƙarni na sha tara, wa zai gaya masa waɗannan wurare suna nan, da abin da ke cikinsu, da yadda ake neman izinin shiga? Wannan aikin ma'aikacin laburare ne tsantsa. Ba dole ne ya mallaki kowane abu ba, amma dole ne ya san inda kowane abu yake. Ni dai a shekara huɗun da na yi, sau ɗaya aka zagaya da mu laburare, a makon farko na aji ɗaya, aka nuna mana inda ake ajiye jaka da inda ba a magana, shi ke nan.

Ko ɗan abin da muke da shi ma, samunsa sai mai rabo. Ku gwada neman Shaihu Umar ta sunan marubucinsa. Wani ma'aikaci ya shigar da shi ƙarƙashin Abubakar, wani ƙarƙashin Tafawa, wani ƙarƙashin Ɓalewa, kuma da yake wanda ya buga bai san ɓ mai lanƙwasa ba, sai ya zama Balewa. Ka rubuta "ƙauna" a kwamfutar nema ta ce babu, ka rubuta "kauna" ta kawo rabi. Waƙar Hausa da aka rubuta da ajami kuwa, da mai jerawa ya ga baƙaƙen Larabci sai ya tura ta sashen Larabci, ta kwanta can tsakanin littattafan nahawu da fiƙihu, ɗalibin Larabci ya buɗe ya ga ba ya ganewa ya mayar, ɗalibin Hausa kuwa bai san tana nan ba har ya gama. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. An ɗora aikin ne a kan wanda bai karanci fannin ba, kuma ba wanda ya je daga Sashe ya zauna da shi ko na yini ɗaya.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato kundaye. Kowace shekara ɗalibai suna shiga ƙauyuka da rikoda, suna zama da makaɗa da mawaƙa da masu sana'o'in gargajiya, maƙera da majema da masaƙa, suna kwaso abin da babu shi a cikin kowane littafi. Wasu tsofaffin da aka yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage na iliminsu shi ne abin da ke cikin kundin nan. Ina kundayen suke? Suna jibge a wani ɗaki a Sashe, an ɗaure su da igiya kamar dammunan dawa, mabuɗin yana hannun masinja, masinja kuwa ya tafi banki. Babu jerin sunayensu a ko'ina. Sakamakon haka abu biyu ne, kuma duk mun san su, sai dai ba ma faɗa. Na farko, maimaici: a yi salon Mamman Shata bana, a yi shi baɗi, a sake yi baɗin baɗaɗa, kowa yana cewa shi ne farkon wanda ya taɓo wannan fage, alhali ga makaɗan ƙauye birjik ba wanda ya leƙa su. Na biyu ya fi muni. Tun da malami ba shi da hanyar sanin abin da aka rubuta a wata jami'a, ko ma a nan shekara goma da suka wuce, sai ɗalibi marar tsoron Allah ya je shagon masu kwamfuta a bakin ƙofa, a cire bangon tsohon kundi a sa masa sabo da sunansa. A rana ɗaya an gama digiri. Ana ta yi mana wa'azi kan satar fasaha, amma an bar ƙofar rumbu a buɗe an kashe fitila. Da laburare yana karɓar kowane kundi, ya yi masa lamba, ya fitar da jerin sunaye da taƙaitaccen bayani inda kowa zai gani, da ɓarawo ya ji tsoro, mai gaskiya kuma ya san daga inda zai ɗora.

Malamaina, ku gafarce ni, yanzu kanku zan juyo. Na tambaya, an tabbatar mini cewa laburare yakan aiko da takarda Sashe yana neman sunayen littattafan da ake bukata. Takardar takan kwana a tire har wa'adi ya wuce. Wanda bai roƙa ba, ta yaya zai yi ƙorafin an hana shi? Sa'an nan akwai littattafan da ke cikin rajista amma ba sa kan kanta, ka bincika a ce wani malami ya ara tun kafin mu shigo jami'a, kuma ba mai iya tambayarsa domin babba ne. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988, littafi ne da kowane ɗan aji ɗaya ya kamata ya riƙe da hannunsa. Mu a fotokwafin fotokwafi muka san shi, har wasu shafukan sun zama baƙi ƙirin. Uwa-uba kuma ga handawut. Malami ya tsakuro daga littafi biyar ya haɗa shafi ashirin, mu haddace, mu amayar masa ranar jarrabawa, mu ci. Wa zai wahalar da kansa hawa bene, alhali an riga an tauna an ba shi a baki? Shekara uku ana koya mana cewa ilimi shafi ashirin ne, a ta huɗu kuma a ce mu yi bincike. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ɗalibai ma ba mu fita ba. Wanda ya yage tsakiyar Magana Jari Ce ɗan'uwanmu ne, ba aljani ba. Akwai masu ɓoye littafi a kantar ilimin kimiyya don kada abokin karatu ya gani kafin jarrabawa. Wannan hali ne na banza, kuma ba sai na tsawaita ba.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne kuɗi sun yi ƙaranci, kuma littafin waje da mujallun kimiyya da ake biya da dala sun yi tsada ƙwarai. Amma tun 2011 akwai asusun TETFund, kuma raya laburare yana cikin abubuwan da yake ba da kuɗi dominsu. In an samu, ina kason Hausa? Ban da haka ma, abin da nake nema ba da dala ake sayensa ba. Kuɗin littafin likitanci guda ɗaya da aka yi oda daga Ingila zai cika buhu da littattafan Hausa a kasuwa. Jera sunayen kundaye kuwa ba ya cin komai sai takarda da haƙuri. Aika wa malami amsa cewa littafin da ya nema ya iso, ko ware kwafi biyu na littafin da ake koyarwa a wannan zango a hana fita da su don kowa ya samu, wannan ba sai an jira Abuja ba.

Wasu kuma, musamman 'yan ajinmu, za su ce wa ke ta laburare yanzu, ai komai yana waya. Su gwada mana. Su nemo mini mujallar Harsunan Nijeriya ta shekarun 1970 cikakkiya a waya. Su nemo mini Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta ta farko a 1939. Su nemo hirarrakin da gidajen rediyo suka yi da Ɗanƙwairo ko Aƙilu Aliyu, waɗanda ke kan tsofaffin faya-fayai. Abin da wani bai zauna ya adana ya ɗauki hotonsa ya ɗora ba, ba zai taɓa fitowa a waya ba, kuma mai yin wannan aikin shi ne dai ma'aikacin laburaren da muke rainawa. Hasali ma wayar ta ƙaro masa aiki ne. Marubutan da a da suke kai littafi kasuwa, yau da yawansu a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari babi-babi. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka rufe zaure, labari ya tafi. Na gwaggona ko banza ya samu adaka. Ɗalibin da zai yi nazarin adabin wannan zamani nan da shekara talatin, me zai tarar?

Abin da nake roƙo ƙarami ne. A ware ma'aikaci guda ɗaya a laburare a ce shi ne na Sashen Hausa, wanda ya karanci Hausa, yake iya karanta ajami, ya san bambancin ƙ da k. Ai muna yaye irinsu kowace shekara, wasu har sun ƙara da digirin aikin laburare suna zaune a gida. A ba shi kujera a taron Sashe, ya ji abin da za a koyar kafin zango ya fara, ya tanadi kayan. A ba shi awa biyu a cikin darasin dabarun bincike na aji uku, ya koya mana yadda ake nema da yadda ake ambaton madogara, tun kafin a raba mana batutuwa. Kada a amince da batun kundin kowa sai ya kawo shaida daga wajensa cewa ya duba abin da aka riga aka yi. A ba shi 'yan kuɗi kaɗan da izinin shiga kasuwa ya sayo da hannunsa, ba sai an bi ta ɗan kwangilar da bai san Bilkisu Funtuwa ba. Su kuma malamai, Shugaban Sashe ya sa ranar da kowa zai dawo da abin da ya ara, babba da yaro.

Ita kuma Ƙungiyar Hausa, da muke kashe kuɗi kowace shekara kan Makon Hausa, da kalankuwa da rawar koroso da naɗin sarauta, ina ba da shawara a taronmu na gaba a ware Asabar huɗu, mu karɓi mabuɗin ɗakin nan daga hannun masinja, mu kwance igiyoyin, mu rubuta sunan kowane kundi da mai shi da shekararsa da malamin da ya duba, mu kai wa Shugaban Laburare kwafi, mu kai wa Shugaban Sashe kwafi, mu buga sauran a fitowar mujallar nan ta gaba. Na riga na yi magana da Gwaggo. Ta ce in an samu wanda zai ba ta rasit da hatimi, ya kuma yi mata alkawarin ba za a bar su a ƙasa ba, ta ba da adakar gaba ɗaya, amma ban da zanen.